Ban San Direban Kumbon Ba

Gyadi-Gyadi, Kano.

Assalamu alaikum Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa. Ummanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci ko da ba ya miki daɗi. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi shiru.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan Ummanki tana zuba miki shi a waya har ya yi yawa. Ni kin san ba na iya magana da ke a waya. Da na ji muryarki sai maganar ta gudu, in ɓige da tambayar ki ya sanyi. Shi ya sa na ɗauki biro da wannan rubutun nawa na yaƙi da jahilci, ki yi haƙuri da shi.

Ranar da za ki tafi kin durƙusa a soro kika ce, "Baba, ban ji ka ce komai ba." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ni da ke duk mun san wannan ba amsa ba ce, abin da nake faɗa wa kowane fasinja ne a tasha, har wanda ban san sunansa ba. Kika ce za ki je ki yi horon da kamfanin ya kira ki, amma kumbon da zai kai ku tashar sararin samaniya ba za ki sa ƙafa a cikinsa ba sai kin ji daga bakina na yarje miki. Yanzu Ummanki ta ce horo ya zo ƙarshe, mutanen suna jiran amsarki, ke kuma kina jira na. To ga ni. Amma sai kin bi ni a hankali, don ni tsohon direba ne, ba na shiga kwana da gudu.

Gaskiyar magana, tun ranar farko abin nan bai kwanta mini ba, kuma mutumin kamfanin da ya zo gida shi ya ƙara dagula mini lissafi. Kin tuna shi, mai farin gilashi da Hausa rabi Turanci rabi. Ya shigo da masu ɗaukar hoto, ya ce in sa babbar riga in tsaya a ƙofar gida. Ya ce Ummanki ta tsaya kusa da turmi. Turmin da rabonta da shi tun kina firamare, sai da aka kakkaɓe masa yanar gizo! Ya ce, "Baba, wannan abin alfahari ne ga Arewa gaba ɗaya." Na ce masa na ji, amma motar ta wa ce? Ya yi dariya, ya ce kumbon na wani kamfani ne, kujerun wani kamfanin ne yake sayar da su, taki kujerar wata gidauniya ce ta ɗauki nauyinta, ita kuwa tashar da za ku sauka ta gwamnatocin wasu ƙasashe ce. Na ce to, mota ta wani, lodi na wani, mai biya wani, tasha ta wasu. In abu ya lalace, ƙofar wa zan buga? Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Baba, babu abin da zai faru." Mamana, duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ba ya faɗin wannan kalmar. Daga nan na daina sauraron sa.

Bari in ba ki labarin wautata ta farko, ko za ki gane abin da nake hangowa. Ina saurayi na tashi zuwa Jos neman aiki, tafiyata ta farko ni kaɗai. Na shiga tasha da safe, ɗan kamasho ya fizge jakata yana ihu, "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!" Na leƙa na ga mota maƙil da mutane, na yi tsalle na shige ina murna na yi sa'a. Ban daɗe da zama ba na kusa da ni ya ce bari ya yi fitsari. Can wani ya ce bari ya sayo goro. Duk lokacin da sabon fasinja ya zo, sai wani daga cikin na farko ya sulale. Rana ta take, aka yi azahar, muna nan. Na fara masifa, sai wata dattijuwa a bayana ta ce, "Ɗan nan, da za ka shiga ba ka duba ƙafafunsu ba? Akwai mai ko leda a cikinsu?" Ashe fasinjojin bogi ne, an zaunar da su ne don mota ta yi kamar ta cika, a jawo irina. Sai bayan la'asar muka bar Kano.

To ki saurare ni. Duk motar da za ki shiga a rayuwa, kada ki ƙirga kawuna, ki duba kaya. Mai tafiyar gaske yana da kaya, yana damuwa da inda aka ɗaure masa su, yana tambayar yadda hanya take. Shi kuwa na bogi ba ruwansa, fara'arsa ma ta fi ta kowa. Ni da na ga hotonki a allon talla a kan titin Zariya, da mayafinki, da sunan mahaifiyata da manyan baƙaƙe, sunan da ni ban taɓa furtawa da bakina ba, wallahi abin da ya faɗo mini a rai ke nan. Na ce an samo likita 'yar Kano an zaunar a bakin taga don duniya ta ga mota ta cika da kowa da kowa. Ranar da mai kuɗin gaske ya zo da jakarsa, sai a ce miki, "Likita, ɗan sauko tukuna, sai tafiya ta gaba." Kin ajiye aikinki na asibiti, kin bar marasa lafiyarki, ki dawo ana nuna ki da baki a adaidaita sahu. Wannan tunanin ya daɗe yana cin raina, na ji haushin mutanen nan sosai.

Wauta ta biyu ta fi wannan nauyi. Lokacin ina jan bas ɗin wani Alhaji, Allah ya jiƙansa, ba zan kama sunansa ba. Wata safiya na taka burki a gareji na ji ya yi laushi, ƙafata tana nutsewa fiye da yadda na saba. Na gaya masa. Ya ce, "An riga an yi lodi, mutane suna ciki. Ka lallaɓa ka je, in ka dawo a duba." Na kalli fasinjoji, ga mata da goyo, ga 'yan kamasho suna buga jikin mota, sai kunya ta kama ni. Na ji nauyin in ce kowa ya sauka, kada a ce sabon direba ya cika tsoro. Muka kama hanya. A wata gangara burki ya tafi gaba ɗaya, na yi ta sauke giya ina salati, a ƙarshe na kwantar da motar a cikin gonar wani bawan Allah. Ba a rasa rai ba, amma wata mata ta karye a hannu, kuma har yau in na rufe ido ina jin kukan ɗanta. Tabon nan na goshina da kike taɓawa kina ƙarama, a nan na samo shi.

Alhaji ba mugu ba ne, Mamana, yana da kyauta ma. Amma mai mota ba ya son ganin motarsa a tsaye, haka Allah ya yi su, ko ta ƙasa ce ko ta sama. Kuma ranar tashi ita ce ranar da magana ta fi wuya, don an tara jama'a, an kunna kyamara, kowa ya sa hannu a ƙirji. Ke kuma na san ki, kin gado ni a kunya. Kina iya cin abinci ba gishiri a gidan mutane ki ce ya yi daɗi. To can ba gidan surukai ba ne. In kika ji wani abu bai yi miki daidai ba, a jikinki ne ko a rigar da za su sa miki ko a wata na'ura, ki buɗe baki ki faɗa da ƙarfi, ko da an riga an ɗaure ku a kujera. In sun ce kin ɓata musu shiri, su ce. Ni kunyar minti kaɗan na guda, na sayi abin da ya bi ni har tsufa.

Kin san ba na zama da abu a ciki ba tare da na bincika ba, don haka na tafi Tarauni wurin Malam Yohanna, malaminki na kimiyya a sakandare. Tun da ya yi ritaya ya ƙi komawa Filato, ya ce jikokinsa duk a nan suke. Muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa na ce ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah, ban da irin zaƙin bakin mutumin kamfani. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wuta ce za a kunna a ƙarƙashinku ta harba ku sama. Ya ce kumbon ya taɓa zuwa ya dawo, gyara shi ake yi a sake amfani da shi. Wannan bai dame ni ba, ni na fi yarda da motar da ta san hanya a kan sabuwa fil. Ya ce a dawowa laima ce za ta buɗe ku faɗa cikin teku. Na ce teku? Yarinyar da ko kududdufi ban bari ta shiga ba! Ya ce ruwan da kuke sha a can ma tace shi ake yi daga wanda ya fita daga jikin mutane. Na ce ya isa haka, wannan kada ya kuskura ya faɗa a gaban Ummanki.

Sai na tambaye shi abin da ya kai ni, na ce wa ke tuƙi? Ya ce yawanci na'ura ce ke tuƙa kanta. Innalillahi! Na miƙe tsaye. Ya kamo rigata yana dariya ya ce, "Zauna, Direba. Akwai kwamanda, tsohon ɗan sama jannati ne, ya sha zuwa ya dawo. In na'ura ta rikice shi zai karɓa." Na zauna, amma raina bai zauna ba. Bayan na yi sallar magariba a masallacin layinsu ya ce in ɗan jira, ya duba wayarsa, ya nuna mini sama. Sai ga wani haske kamar tauraro yana tafiya a hankali ta saman rufin gidaje, ba ƙara, ba hayaƙi. Ya ce, "Ga inda 'yarka za ta kwana." Na bi shi da ido har ya ɓace ta wajen Hotoro. Malam Yohanna yana ta murna kamar shi aka zaɓa, ni kuwa na ce ya samo mini adaidaita in koma gida.

Akwai kuskure na uku, shi kin san shi don a kanki na yi. Kina aji huɗu a firamare makarantarku ta shirya kai ku filin jirgi ku ga jirage. Kin yi mako kina zancen. Ummanki ta dafa miki taliya ta zuba a ƙaramar kula, kin sa takalmi tun kafin a gama karyawa. Na raka ki makaranta na ga bas ɗin, na ga direban, ban san shi ba. Na tambaya a wace tasha yake, wa ya koya masa mota, ba wanda ya iya ba ni amsa. Na kama hannunki muka dawo gida. Ba ki yi kuka ba, da kin yi ma da ya fi mini sauƙi. Kika zauna a soro da kular a cinya har 'yan ajinku suka dawo da yamma lafiya ƙalau suna ba da labari. A lokacin ina ganin na yi dabara. Sai daga baya na lura kin daina gaya mini abin da kike so, sai dai in ji a bakin Ummanki bayan an gama. Karatun likita ma haka na ji shi. Tun daga ranar nan, wannan tafiyar ce karo na farko da kika sake tsayawa a gabana kika nemi izini.

Don haka ga shawarar da ba na jin daɗin bayarwa: zargi yana tsare mutum, amma shi ma yana da nasa ta'adin. Ki yi bincike, ki yi tambaya har a gaji da ke, amma in amsa ta zo ki karɓe ta. Kada ki zama irina, mai tambaya alhali ya riga ya yanke hukunci tun daga gida.

Na ce miki a duba kaya, ko? To ni ma na duba naki. Na sa Ummanki ta bugi cikinki a waya, ba tare da ta ce ni na aiko ta ba, ko da yake na san kin gane. Ta dawo mini da bayani tiryan-tiryan. Ta ce akwai akwatin gwajinki na jinin masu ciwon sikila, aikin da kika yi shekaru kina fama da shi, an auna nauyinsa an ware masa wuri a cikin kumbon, kuma ba wanda ya san yadda ake aiki da shi kamar ke. Ta ce an gwada jikinki an ɗinka miki rigar tafiya, an daidaita kujera da tsawonki. Ta ce ran nan har faɗa kika yi da su a kan yadda za a ajiye akwatin don kada sanyinsa ya canza. Ina jin haka na ajiye cokali. Mamana, na yi rayuwata a tasha, ban taɓa ganin an auna wa fasinjan bogi kaya ba, ban kuma taɓa ganin ya yi faɗa a kan ɗaurin kaya ba.

Ya kamata in yi murna, ko ba haka ba? 'Yata ba ado aka yi da ita ba. Amma wallahi ko kaɗan ban ji daɗi ba. Ummanki ta dube ni ta ce, "Malam, ni fa tun tuni na gane ka. Ba tsoron a sauke ta kake yi ba, tsoron a tafi da ita kake yi." Na yi mata tsawa na ce ta kwashe kwanukan. Ta kwashe tana murmushi, don ta san ta faɗi gaskiya. Duk watannin nan da nake zagin kamfani ina cewa za su yaudare ki, a can ƙasan raina addu'a nake su yaudare kin. Su sauke ki, ki dawo da fushi da kunya, in ce ai na faɗa, ki zauna a inda zan riƙa jin motsinki. Tsoro nake ji, Mamana. Ban taɓa gaya wa ɗan da na haifa haka ba, yau na gaya miki.

Har yanzu ban yarda da mutumin nan mai farin gilashi ba, kuma ba zan yarda da shi ba. Ban yarda da masu kujeru ba, ban san abin da mai gidauniya yake nema a jikinki ba, ki sa ido a kansa bayan kin dawo, kada ya mai da ke allon tallarsa. Amma tafiya ba da su ake yin ta ba, da direba ake yi.

Kin san yadda muke yi a tasha. In uba zai tura 'yarsa wani gari ita kaɗai, ba ya barin ta a hannun ɗan kamasho, ba ya neman mai mota. Direba yake nema. Ya kamo hannunta ya kawo ta gabansa ya ce, "Ga wannan, amana ce." Shi ke nan, ba takarda, ba shaida. An sha yi mini haka. Daga lokacin yarinyar ta zama tawa: a gaba zan zaunar da ita, in an tsaya cin abinci sai na ga ta ci, in mun isa ba na juyawa sai na ga wanda ya zo tarbar ta. In na dawo Kano kuma, kafin in je gidana sai na nemi uban na ce masa, "Na sauke ta lafiya." Abin da ya fi ci mini rai a tafiyar nan taki shi ne ba ni da hanyar da zan kamo hannunki in kai ki gaban direbanku.

To ke za ki kai kanki a madadina. Ki sami kwamandan nan shi kaɗai, ba a gaban kyamara ba. Ki gaya masa babanki tsohon direba ne a Kano, ya ce a faɗa masa ke amana ce a hannunsa. Ki fara faɗa da Hausa yadda na rubuta, sannan ki juya masa da harshensa. Ki kalli fuskarsa da kyau. In ya yi dariya ya ce babu abin da zai faru, ki ƙara buɗe idonki a kan komai, ki dogara da Allah da abin da aka koya miki. In kuwa ya yi shiru, ya ɗan sunkuyar da kai kafin ya amsa, to direba ne, ya san abin da aka ɗora masa.

Ko wanne ya yi, ba zan sake kamo hannunki in dawo da ke soro ba. Na yarje miki, Mamana. Ki je. Allah ya yi miki albarka, na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini taliyar nan da ta huce a cinyarki.

Allah ya tsare ki a hawa, ya tsare ki a zama, ya tsare ki a sauka. Ya riƙe wutar da ke ƙarƙashinku, ya buɗe laimar a kan lokacinta, ya kwantar da tekun. Ya tsare abokan tafiyarki, su ma 'ya'yan wasu ne. Ya sa abin da ke cikin akwatinki ya amfani masu ciwo. Kada ki yi wasa da salla, ki bi yadda malamai suka tsara miki. Malam Yohanna ya ce shi ma ya sa ki a addu'a a cocinsu.

Abu na ƙarshe, kada ki manta ki gaya wa kwamandan. A wurinmu wanda ya ba da amana ba ya cewa an gama sai direba ya dawo masa da magana. Ba sai ya zo Gyadi-Gyadi ba, na san hanya da nisa. In an tsamo ku daga ruwa ki ba shi wayarki, ki koya masa kalmomin, ko da Hausar ta karkace zan gane. Ya ce mini, "Na sauke ta lafiya." Ina nan a soro ina jira.

Wassalam.

Babanki,
Ɗanlami Direba